Azurfar da Ba ta Kai Baki ba

Talata Mafara, kafin gari ya waye

Ana kiran assalatu na fito da 'yar jakata, sai na tarar Inna ta riga ni tashi. Tana zaune a kan buzu a bakin ƙofar ɗakinta, carbi a hannu ɗaya, ƙullin tsumma a ɗayan. Mahaifiyata ce. Ganinta ya ɗauke da daɗewa, amma har gobe ba wanda ya isa ya wuce ta gabanta a saɗaɗe. Na durƙusa muka gaisa, ta lalubo hannuna ta danƙa mini ƙullin.

Bari in gaya muku abin da ke ciki. Inna 'yar gidan maƙeran farfaru ce na Bakura, masu aikin azurfa. A gidansu duk 'ya macen da aka haifa ana buga mata wani ɗan faifan azurfa, bai wuce faɗin tsohon sule ba, a rataya mata a wuya. Da hatimin gidan ake buga shi, wani guntun ƙarfe da aka sassaƙa wa fure a tsakiya da ɗige-ɗige kewaye da baki. Kakana ya taɓa raba wata tsohuwar dalar azurfa, irin mai hoton kan mace, gida huɗu. Uku ya buga wa Inna da 'yan'uwanta mata biyu, su biyun kuwa sun riga mu gidan gaskiya. Na huɗun Inna ta adana, tana jiran in haifi mace. Na yi ta jero mata maza har ta fara yi mini gori, sai bana Allah ya kawo takwararta.

Mutum ɗaya ya rage da ke buga wannan hatimi: ƙaninta, Kawu Mamman. Shi kaɗai ya rage mata a ɗakinsu. Tun farkon damina kuwa ba ta ji muryarsa ba. Duk sa'ad da na kira mata waya matarsa ke ɗauka, yau a ce ya tafi fadama, gobe a ce yana masallaci. Inna takan ce to, ta miƙo mini wayar, amma ranar ba ta cin abincin kirki.

"Ka kai ma Mamman," in ji ta. "Shi za ya buga, da hannunai. Kak ka bari wani ya taɓa masaba, ko kai."

Ko kai ɗin nan ya ɗan sosa mini rai, don ni malamin aikin ƙarfe ne a makarantar koyon sana'a, kuma ƙarfin dantse ba a bar ni a baya ba. Na haɗiye, na ce Allah ya kai ni lafiya. Ta ce amin.

Hanyar Bakura

A tasha na sami wata 'yar ƙaramar mota da aka yi wa lodin buhunan taki har ta durƙusa. Direban, wani siriri mai jan ido, ya rantse saura mutum ɗaya, na shiga na tarar ni ne na farko. Sai da rana ta fito muka cika. Ban ga laifinsa ba ma, don yanzu ba direban da ke barin gari kafin a ga motocin farko sun shigo lafiya. Kuɗin motar ya kusa ninka wanda na sani, na yi ƙorafi, ya ce in je in gaya wa mai gidan mai.

Kaka ce, shinkafa ta nuna a gonakin da ke bin hanyoyin ruwan Bakolori, ana ta yanka. Amma a cikin mota ba mai kallon shinkafa. Kowa idonsa na kan inda dawa ta yi tsawo har bakin titi. Wata tsohuwa a bayana tana ta jan salati, in mun wuce duhuwa ta numfasa ta ci gaba da ba maƙwabciyarta labarin tsadar barkono. Mun tsaya a shingen jami'an tsaro, maza suka sauka muka taka da ƙafa zuwa gaba, mota ta biyo mu. Da hantsi muka shiga Bakura.

Bakura

Tun daga bakin lungu jikina ya ba ni. Ina yaro, kafin ka ga gidan Kawu ka ji shi: zugazugi na huci, ƙaramar guduma na ta ƙwas-ƙwas. Ranar shiru. Rumfar maƙerar ta karkace, kaza ta yi ƙwai a cikin murhun.

Matarsa, Iya Hajo, tana shanyar shinkafa a tsakar gida. Da ta ɗago ta gan ni sai ta saki muciyar da take baza shinkafar da ita. Muka yi doguwar gaisuwa, ina gajiya, ina mutanen Mafara, yaya jikin Yaya, wato Inna, yaya mai jego, kowa na kewaye abin da ke ransa. Ta kawo mini hoce da fura. Sai da na sha na kwance ƙullin na nuna mata. Tana ganin guntun dalar ta rufe fuska da gefen zane.

Ga abin da ta gaya mini. Da ruwan farko Kawu ya faɗi a bakin maƙera. Da aka ɗaga shi ɓarin jikinsa na dama ya shanye, hannu da ƙafa, harshensa ma ya yi nauyi. 'Yarsu Luba, wadda ke aure a Maradun, ta zo ta tafi da shi, saboda mijinta ma'aikacin asibiti ne. Ita Iya Hajo ta dawo ne kawai ta tattara amfanin gona. Na tambaye ta don me aka ɓoye mana, har muryata ta ɗan hau.

"Shi yac ce kada a hwaɗa ma Yaya," in ji ta. "Yac ce ta binne biyu, ba ya zama na ukku tana da rai. In ta ji muryatai ga waya ta gane."

 Can na ce ta ba ni hatimin. Ta shiga ɗaki ta fito da shi a naɗe cikin fatar akuya, tare da masabar Kawu, babbar gudumarsa, wadda ƙotarta ta yi sulɓi saboda riƙo. Na juya hatimin a hannuna. Yana da 'yar tsaga a gefe ɗaya tun zamanin kakana, kuma a gidan tsagar nan ake juyowa ta fuskanci mai bugu. A jikin faifan Inna tana nan, wani siririn layi da nake bi da farce ina yaro.

Na so in zarce Maradun a ranar. Wani mai babur ya ce akwai yanke ta ƙauyuka, amma ko nawa zan ba shi ba zai bi ba, yana da 'ya'ya. Dole sai na koma Mafara in kwana.

Talata Mafara kuma, amma ba gida ba

A shingen da muka wuce da safe wani soja ya ɗaga jakata ya ji nauyi, ya ce in buɗe. Ya ga masaba, ya dube ni. Na ce kayan gado ne. Ya juya hatimin, ya shafa furen da yatsa, ya ce kakarsa tana da irin wannan a wuya. Ya mayar mini da hannu biyu, ya ce a sauka lafiya.

Bayan la'asar muka iso. Na tsaya a tasha da jaka a kafaɗa, gidana ba nisa, amma ƙafata ta ƙi. In na shiga Inna za ta tambaye ni, ni kuwa tun ina yaro ban taɓa yi mata ƙarya ta sha ba. Sai na kira maiɗakina na ce ta gaya wa Inna ban gama ba, sai gobe. Wannan dai gaskiya ce. Na bi ta bayan kasuwa, ina sunkuyar da kai kamar wanda ya ci bashi, na nufi gidan Malam Bitrus.

Malam Bitrus abokin aikina ne, malamin lissafi, Kirista, ya daɗe a Mafara har yaransa sun fi nawa iya Zamfarci. Da ya ji labarin bai yi mini wa'azi ba. Ya shimfiɗa mini tabarma ya nuna mini gabas, matarsa ta kawo tuwon masara da miyar karkashi. Daga tsakar gidansa na ji kiran magariba na masallacin unguwarmu, na gane muryar ladaninmu. Ban taɓa jin kewar gida irin ta ranar ba, ga shi ina cikin garinmu.

Da muka ci abinci ya ce in nuna masa hatimin. Ya shiga ya ɗauko wani gwangwanin madara da yake tara tsofaffin kuɗi, kwabo mai huji, sisi, sule, har da na baya-bayan nan da ko mai ƙosai ba ta karɓa. Ya ce shi duk zatonsa narkar da ƙarfe ake yi a zuba a mazubi. Malami dai malami ne ko yana cikin baƙin ciki, sai na gyara zama.

Na ce masa ba zubi ba ne, bugu ne. Ana yanko ƙarfen a kewaye, fuskarsa sumul, da sanyinsa. A sa shi tsakanin hatimi biyu, na sama da na ƙasa, da wani zoben ƙarfe da ya kewaye shi. Inji ya danno. Ƙarfen ba shi da wurin zuwa, sai ya bar inda aka matse shi ya gudu zuwa inda aka sassaƙa rami, daga tsakiya yana yin waje, har ya ci karo da zoben ya tsaya. Ba a yanke komai ba, ba a ƙara komai ba, gudu kawai ya yi, kamar yadda ƙullin fulawa ke bazuwa in an danna shi da tafin hannu. Na ɗauko sule ɗaya da bai sha hannu ba, na karkata shi a gaban fitila, ya ga wani sheƙi yana juyawa a kansa. Na ce sawun gudun ke nan, siraran layuka ne da ido ba ya rabewa. Wuraren da ke cika a ƙarshe su ne mafi zurfin zanen da kuma baki. In bugu ya yi rauni, nan za ka gane, don ƙarfen ba ya kaiwa.

Malam Bitrus ya daɗe yana juya sulen. Sannan ya ce, "To Lawali, mutumin da hannunsa ya mutu, da me zai kai shi bakin?"

Na ce masa dare ya fara yi, ina son in kwanta.

Hanyar Maradun

Washegari ya raka ni tasha a babur ɗinsa, ya bi da ni ta lungunan da ba za mu haɗu da 'yan unguwarmu ba. Wannan karon wata tsohuwar bas na samu, cike da mata masu komawa da robobin manja. Muka jira har motoci suka taru aka tashi a jere. A hanya mun wuce wani ƙauye da ba hayaƙi ko ɗaya, rumbuna a buɗe, ciyawa ta cinye masallaci. Wanda ke kusa da ni ya nuna wani gida da haɓa ya ce nan aka haife shi.  Da muka hangi ruwan dam yana ƙyalli, mata suka fara hamdala.

Maradun

Luba taubashiyata ce, ba ma haɗuwa ba mu yi tsiya ba. Tana ganina ta ce ga bawanta ya zo, ina kuɗin shara. Na ce baiwa ba ta tambayar ubangidanta. Muka yi dariya, dariyar ta mutu a tsakiyar hanya, ta juya ta share ido. Ta kai ni ɗakin.

Kawu Mamman da na sani ƙaƙƙarfa ne, gajere, mai faɗin ƙirji. Wanda na tarar a kan katifa bai fi rabinsa ba. Hannunsa na dama na kwance a cinyarsa, yatsun sun lanƙwashe. Ya gane ni nan take. Magana tana fita da ƙyar, sai ka matsa ka kasa kunne. Abin da ya fara tambaya shi ne ko Yaya ta sani. Na ce a'a. Ya ce in rantse ba zan faɗa ba. Ban rantse ba, na kwance ƙullin na ajiye a gabansa, na fito da hatimi da masaba.

Ya daɗe yana kallonsu. Ya ce rabon da ya ga wannan dala tun yana ƙaramin yaro. Da na gaya masa an sami takwarar Inna, gefen bakinsa mai lafiya ya yi murmushi.

Luba ta kawo shawarar da ni ma na kwana da ita. Ta ce ni in buga, a ce wa Inna shi ne, wa zai sani. Kawu ya girgiza kai. Ya ce Yaya ce ke ja masa zugazugi tun kafin a yi mata aure, duk abin da ya buga sai ta shafa kafin ya bar maƙera. Ya ɗaga hannunsa na hagu ya dube shi.

"Ina da hauni," in ji shi. "A hidda ni waje."

Muka ci tuwon shinkafa da kifin dam, wanda ban ji ɗanɗanonsa ba, bayan azahar muka ɗauke shi zuwa maƙerar wani maƙerin baƙi a bayan gidan. Mutumin ya bar mana wuta da uwar maƙera, ya koma gefe ya tsuguna. Ni na yi aikin hannu, Kawu na ba da umarni da ido da gyaran murya. Na narkar da guntun dalar a ɗan kasko har ya dunƙule, na daddale shi ya yi faɗi, na mayar wuta ya yi ja, na tsoma a ruwa. In ba a yi haka ba azurfa takan yi taurin kai, ta ƙi gudu, ta tsage. Na wanke shi da ruwan tsamiya ya yi fari tas. Ina aiki ina ba shi labarin injin da ke buga kuɗi, wanda ba ya gajiya, ba ya karkata. Ya ce injin nan ba shi da Yaya mai shafa aikinsa.

Aka zaunar da shi a kan turmi, Luba ta tallafe shi ta baya. Na ɗora azurfar a kan uwar maƙera, na kafa hatimin a kanta, na juya tsagar ta fuskance shi, na riƙe da awartaki. Bugu ɗaya ake yi. In aka sake na biyu hatimi ya riga ya motsa, fure zai fito biyu a hargitse. Kawu ya kama masabar da hagu, ya ɗaga. Ya yi bisimilla ya sauke.

Tun daga ƙarar na sani. Masabar ta suɓuce ta faɗi ƙasa, shi kuma ya koma jikin Luba yana haki. Na ɗaga hatimin. Furen ya fito, ba laifi. Layin tsagar ma ya fito. Ɗige-ɗigen gefen hagu sun cika. Na dama kuwa babu su, wurin sumul, azurfar ta taso ta tsaya a hanya.

Na ce a sake narkarwa, ya huta zuwa gobe. Luba ta ce ko jibi. Ya miƙo hannu na sa masa faifan, ya shafa shi da babban yatsa, ya kai inda ba komai ya tsaya. Hawaye ya gangaro ta idonsa ɗaya. Mu duka mun san ko shekara aka ba shi hannun nan ba zai fi haka ba.

"Kai mata hakanan," in ji shi. "Ni ba ni iya hwaɗa mata da baki."

Na huda faifan, na goge bakinsa da magagari, Luba ta zura masa baƙin zare. A Maradun na kwana, a ɗakin Kawu, ina jin numfashinsa.

Komawa gida

Da safe na yi masa sallama. Ya ce in tafi da masabar da hatimin, ya gama da su. Na ce ajiya dai zan yi masa, ya kawar da kai. Hanya ta yi kyau, ba abin da ya faru, har direba ya sa mana waƙa. Ni dai hannuna na cikin aljihu, kuma na fi jin tsoron isa gida fiye da duk duhuwar da muka wuce.

Na tarar da Inna inda na bar ta, jaririyar na kwance a cinyarta. Na yi sallama, muka gaisa, ta tambayi hanya, ta tambayi Hajo. Ba ta tambayi Kawu ba. Ta buɗe tafin hannu kawai.

Ta fara da furen. Ta lalubo layin tsagar ta juya shi ya fuskance ta. Yatsanta ya bi ɗige-ɗigen hagu ɗaya bayan ɗaya, ya zagayo dama, ya zame a kan sumul ɗin. Ya koma ya sake bi. Ta ciro nata daga wuya ta shafa, ta mayar. Maiɗakina ta fito daga madafa ta tsaya.

"Da hauni yab buga," in ji Inna.

Na ce e.

"Tun yaushe?"

Na ce tun ruwan farko. Na fara ba ta labarin asibiti da mijin Luba da yadda ake kula da shi, ta ɗaga hannu na yi shiru. Ta tambaya ko yana cin abinci. Na ce yana ci. Ta tambaya ko akwai wanda ya ce a sake bugawa. Na ce ni na ce, shi ya hana. Sai a lokacin ta yi kuka, ba sauti, hawaye na ɗiga a kan zanen jaririyar. Da ta gama ta lalubo wuyan takwararta ta ɗaura mata faifan yadda yake. Ta ce in nemo mota, ita da ta yi rantsuwar ba ta ƙara hawa hanyar nan.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Iya Hajo da Luba, da maƙerin da ya bar mana wutarsa, da Malam Bitrus da ya sauke ni baƙo a garinmu. Da nake lissafa wa Inna su da yamma, ta ce na manta mutum ɗaya. Ta ce in kira Maradun, a kara wa Mamman wayar a kunne, ba sai ya yi magana ba. Na kira, na sa mata a hannu.

"Mamman," ta ce, "saƙo ya iso. Ina nan tahe."